Tukunyar da Tahir Ya Cika Har Wuya

Tahir mai gas na Moduganari ya cika wa mace tukunya fiye da ƙa'ida yana sane, da tukunyar ta fashe kuma ya rantse bai taɓa ganin matar ba. Laifinsa ke nan, kashi biyu, na biyun ya fi na farkon muni. Sunan matar Fanna. Saboda rantsuwarsa aka tsare ta da zargin kai bam, a shekarun da wannan zargi kaɗai ya isa ya ɓatar da mutum a Maiduguri.

Masu kare shi suna cewa rashin sani ne. Ƙarya suke yi. Tahir ya yi shekaru yana aiki a shagon Anselm, ɗan kasuwar nan mutumin kudu maso gabas wanda ya ƙi barin gari lokacin da 'yan'uwansa suka kwashe kaya suka tafi. A hannunsa Tahir ya koyi sana'ar, kuma abu na farko da aka koya masa shi ne ba a cika tukunya har wuya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya, matsi ne ya mai da shi haka, a samansa kuma akwai tururinsa. In zafi ya taɓa tukunyar, ruwan yakan ƙara girma, fiye da yadda ruwan sha ke yi nesa ba kusa ba. In an bar masa fili a sama, sai ya hau cikin filin, tururin ya matsa masa, ba abin da zai faru. In babu fili, to shi ruwa ba ya matsuwa. Ƙarfen zai tura, kuma ɗan ƙarin zafi kaɗan ya isa ya ninka turawar. Shi ya sa ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunya ba ruwa. Saboda rana aka bar wannan filin, kuma kowa ya san ranar Maiduguri.

Matan garin ba da gas suka tashi ba, da itace suka saba. Da daji ya rufe saboda 'yan bindiga, masu saran itace suka riƙa fita ba sa dawowa, gawayi ya yi tsada, sai aka koma gas a dole. Suka zo shagon gas da al'adar kasuwar hatsi. A kasuwa mudu sai ya yi tozo, sannan mai awo ya ƙara tafin hannu na gyara, wanda ya hana kuwa marowaci ne. Tukunya ba a ganin cikinta, don haka suka samo nasu awon: su ɗaga ta su girgiza kusa da kunne. In sun ji ruwa yana kaɗawa a ciki, an cuce su.

Kullum sai an yi wannan rigima a shagon Anselm. Wadda ta fi kowa tayar da ita Salomi ce, wata mai sayar da shinkafa da wake a Ajilari.

"Oga Anselm, wannan ai rabi ce."

"Madam, duba sikeli."

"Sikelin naka ne, kunnen kuma nawa ne. Ji yadda take kuka kamar cikin mai yunwa."

"Haka ya kamata ta yi. Ranar da kika girgiza ta kika ji shiru, ki ajiye ta a inuwa ki kira ni."

"Kai dai ka iya baki. To gyara fa?"

"Babu gyara a gas. Zo in ba ki ashana."

Tahir yana gefe riƙe da tiyo yana jin duk wannan. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne akwai kasuwa a kunnen mata. Da ya buɗe nasa shagon a Moduganari, ya ajiye bahon roba a kusurwa, kowace safiya ya sayo ƙanƙara wurin masu janareto. Tukunya mai sanyi tana jan gas, domin matsin cikinta ya faɗi, ruwan da ke shiga kuma ya tsuke. Sai ya tsoma tukunyar mai saye a cikin ƙanƙara, ya ɗaga babbar tukunyarsa sama, ya bar ƙaramar ta sha har ta ƙi karɓa. Ya miƙa wa mace ya ce ta girgiza. Ba ta jin komai.

Labari ya bazu cewa yaron Moduganari yana da tsoron Allah, maigidansa ne macuci. Cinikin Anselm ya ragu. Ya je sau ɗaya ya tsaya a bakin shagon, ya kalli bahon, ya ce, "Tahir, ba haka na koya maka ba." Tahir ya ce, "Oga, kowa da yadda yake riƙe mutanensa." Aka yi dariya, Anselm ya tafi.

Abin da ya sa ba a ga masifa da wuri ba, yawancin tukwanen gida suke wucewa kai tsaye, a ajiye su a inuwa, a kunna, girkin farko ya buɗe filin da Tahir ya hana. Wasu sun kumbura a ciki. Wasu sun tofa wuta mai tsawo a kunnawar farko, matan suka ce ƙarfin gas ne. Tahir ya ga kumburarrun sun dawo hannunsa, ya sake cika su.

Fanna mutuniyar wani ƙauye ce a yankin Bama. Ta zo Maiduguri a ƙasa tare da mijinta, suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira. Mijin ya bi masu saran itace wata rana, bai dawo ba. Ta bar sansanin ta kama ɗaki a Ajilari, gida ɗaya da Salomi, ta fara suyar ƙosai a bakin titi. Ta rantse ba za ta sake kunna itace ba. Ta sayi tsohuwar tukunya ƙarama, irin mai murhu a ka, wadda ba ta da abin da ke sakin gas in matsi ya yi yawa. Salomi ce ta ce mata ta daina zuwa wurin Anselm.

Wata safiya a watan Afrilu Fanna ta iso shagon Tahir da tukunyar a ka, ta gaishe shi da Kanuri.

"Wushe, ɗana."

"Wushe, Ya Fanna. Ai na ji labarinki. Salomi ta ce ƙosanki ya hana mutane cin shinkafarta."

"Ita ta ce naka ba ya kuka."

"Tukunyata bebiya ce. In ta yi magana ki dawo mini da ita."

Ya juya tukunyar, ya ga tsatsa ta ci gindinta, ya kankare da farce, ya tsoma ta a baho. Yana jiran ta cika ya tambaye ta ko gida za ta wuce. Ta ce a'a, sai ta biya kasuwa ta auni wake, ta tsaya wurin mai manja, sannan. Ya ji wannan da kunnensa. Ya san ƙarfe nawa za ta kai Ajilari, ya san watan da ake ciki. Ya ciro tukunyar tana zubar da ruwan sanyi, ya miƙa mata. Ta girgiza, ta yi murmushi, ta sa masa albarka da Kanuri.

Ta tari keke mai ƙafa uku na wani Ba'ana, magidanci mai 'ya'ya, ta ɗauke shi shata. Ya ɗora tukunyar a baya, inda ake sa kaya, wato daidai saman inji. Suka biya kasuwa. Mai wake ya ɓata musu lokaci, mai manja bai buɗe da wuri ba. Kafin su kamo hanyar Ajilari rana ta take, kujerar keken ba ta taɓuwa da hannu. Tukunyar da ta fito daga ƙanƙara yanzu rana na dukanta ta sama, inji na gasa ta ta ƙasa.

A hanyar akwai shingen bincike, layin ababen hawa ya yi tsawo. Dokar wurin ita ce fasinja ya sauka tun daga nesa, ya tako a ƙasa hannuwansa a bayyane, ya wuce shingen ya jira, direba ya biyo layi da kaya. Fanna ta bi doka. Ta sauka, ta taka, ta buɗe mayafinta aka duba, ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a ɗaya ɓangaren. Ba'ana bai kashe inji ba, domin kekensa ba ya tashi da sauƙi.

Tukunyar ta tsage daga gindi zuwa kafaɗa. Ruwan da ke ciki ya koma tururi gaba ɗaya, ya tarar da bututun hayaƙin keken mai zafi, ya kama. Ƙarar ta kai Moduganari. Wuta ta lulluɓe keken, aka jawo Ba'ana ba ya motsi, bayansa da hannunsa sun ƙone.

Mutane suka watse, sannan suka dawo, kamar yadda aka saba. Wani ya nuna ta ya ce, "Ga wadda ta sauka daga ciki." Jami'an tsaro suka fizge ta daga hannun jama'a kafin a yi mata illa, suka jefa ta a mota.

Ban ga laifinsu ba. Abin da ke gabansu shi ne mace daga yankin da 'yan bindiga suka taɓa riƙewa, ba miji, ba dangi, ta ɗauko tukunyar gas, irin wadda aka sha ɗura wa abin fashewa, ta sauka ta yi nisa, sannan abu ya tashi a bakin shinge. Direban da zai faɗi inda ya ɗauko ta yana kwance a asibiti bai san inda yake ba. Magana ɗaya Fanna take maimaitawa da Hausarta mai nauyi: gas ne, Tahir na Moduganari ya cika mata da safe.

Aka aika aka zo da Tahir. Aka shigo da Fanna, zaninta duk ƙura, leɓenta a fashe. Jami'in da ke binciken ya tambaye shi ko ya san ta.

Tahir ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Wallahi, yallaɓai, ban taɓa ganin ta ba."

Fanna ta ce, "Ɗana, ba kai ka ce mini bebiya ce ba?"

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Kada ki ja ni cikin abin da kuka ƙulla."

Ya sake rantsuwa ba a nema ba. Aka sallame shi ya koma shago. Akwai waɗanda suka ga Fanna a shagonsa da safiyar nan, amma a lokacin duk wanda ya ce ya san wanda ake zargi, shi ma sai ya zauna ya yi bayanin inda ya san shi. Kowa ya kama bakinsa. Aka ce in an gama rubuta bayani za a miƙa ta gaba, can inda ake tsare manyan waɗanda ake zargi. Wanda ya shiga can, danginsa ma ba sa sanin ranar fitowarsa, balle wadda ba ta da kowa.

Salomi ta kai mata abinci aka hana ta shiga. Daga nan ta wuce shagon Anselm, wanda ta daɗe ba ta taka ba. Ba ta yi gaisuwa ba.

"Oga, ni na tura ta."

"Na sani, Madam. Duk ku kuka tura juna."

"Ka zage ni daga baya. Yanzu tashi."

Anselm ya rufe shago ya bi ta. Ya roƙi jami'in ya nuna masa abin da ya rage na tukunyar. Aka nuna masa. Ya ce, "Yallaɓai, bam yana farfasa ƙarfe gutsu-gutsu. Wannan guda ɗaya ce, cikinta ya kumbura, ta tsage ta layi ɗaya. Daga ciki aka tura ta a hankali har ta gaji. An cika ta ba a bar fili ba."

Jami'in ya ce, "Kai ne maigidansa na da?"

"Ni ne."

"An ce ya kwashe maka masu saye."

"Ya kwashe. Kada ku yarda da ni. Ku je shagonsa ku auna tukwanen da ya cika. Akwai nauyin da aka buga a wuyan kowace."

Jami'in ya ce zai duba. Mutum ne mai aiki da yawa a gabansa, kuma a ganinsa maganar ɗan kasuwa ce a kan yaron da ya fi shi ciniki. Bai ce yaushe ba.

Salomi ba ta da haƙurin jira. Washegari da hantsi ta je Moduganari, ta tsaya a gaban shagon Tahir, mutane na wucewa.

"Mai tsoron Allah! Fito mu gaisa."

"Salomi, don Allah ki wuce, ina aiki."

"Ka manta Fanna? Ni ma ka manta ni? Ko tukwanen ne kawai ba sa magana a shagon nan?"

"Ban san abin da kike faɗa ba."

"Za ka sani. Suna zuwa da sikeli, sikelin Anselm, ba naka ba. Ɗaya bayan ɗaya za su auna waɗancan." Ta nuna jerin tukwanen da ya cika da safe, suna jiran masu su.

Ita kanta ba ta san ko za su zo ba. Ta faɗa ne don ta ƙona masa rai, ta yi tafiyarta.

Tahir ya yarda za su zo. Yana iya zuwa ya faɗi gaskiya a wannan lokaci, a saki matar, shi ya ɗauki abin da ya samu. Maimakon haka ya ja ƙofar shago ya kulle ta ciki, ya kwashe tukwanen zuwa ɗan tsakar gidan da ke bayan shagon, wuri mai katanga ta ko'ina, ya murɗe kan guda biyu don ya rage musu nauyi.

Nan abin ya ƙi masa. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi, in bai samu a waje da sauri ba sai ya ci na jikinsa da na ƙarfen. Da fari gas ya fito da ƙarfi. Jim kaɗan tukwanen suka yi sanyi, raɓa ta kwanta a kansu, raɓar ta daskare ta yi fari. Da suka yi sanyi matsin ya faɗi, fitar ta koma ɗan huci. Abin da yake amfani da shi kullum don ya ɗura gas, shi ne yanzu ya hana gas fita. Yana jin kamar ga motar jami'ai nan a bakin layi. Sai ya buɗe wasu, ya sake buɗe wasu, ya juya ɗaya a kife don ruwan ya zubo, ruwan ya taɓa yatsunsa ya ƙone su da sanyi.

Gas ya fi iska nauyi, kuma da tsakar rana a Afrilu ko ganye ba ya motsi. Bai tashi sama ba. Ya kwanta a ƙasa ya taru kamar ruwa a kududdufi, ya sami ramin kwata a gindin katanga, ya bi ta nan ya gangara gidan da ke baya, wanda ya fi shagon kwari.

Matar gidan, Binta, ta fito za ta ɗora abincin rana. Ta sunkuya ɗaukar ashana wari ya buge ta. Ta ga kajinta sun lafe a bakin kwata suna haki. Ta yar da ashanar, ta fito titi ba mayafi tana ihu, "Kada kowa ya kunna wuta! Gas! Gas!"

Mai shayi ya juye butar ruwa a kan murhunsa. Aka kashe janareto na mai aski da na mai cajin waya, aka tare ababen hawa daga bakin layi, aka fitar da mutane daga gidajen kusa. 'Yan sa-kai na unguwa suka leƙa ta kan katanga. Suka ga Tahir zaune a ƙasa, jiri ya kwashe shi, tukwane farare da ƙanƙara sun kewaye shi suna huci, ga rana tana dukan kowa. Biyu suka ɗaure hanci da rawani suka dira suka jawo shi.

Aka kira Anselm. Ya hana kowa taɓa ƙofar ƙarfe, ya shiga ta kan katanga, ya rufe tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka yi ta fifita wurin da tabarmi har warin ya ragu. Kafin nan jami'in binciken ya iso, domin unguwa guda a tsaye a titi ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai tukwanen da Tahir bai kai ga buɗewa ba. Aka ɗora su a sikeli a gaban jami'in, kowace ta haura abin da aka buga a wuyanta da nisa.

Jami'in ya tsaya a kan Tahir ya ce, "Gas ɗin da ka saya don ka sayar, me ya sa kake zubar da shi?"



Sai Binta ta ce, "Yallaɓai, matar nan da kuka kama, na gan ta a nan ranar. Da idona na ga ya ciro tukunyarta daga baho." Da ta faɗa, mai shayi ma ya tuna, mai aski ma ya tuna.

Ba a miƙa Fanna gaba ba. Aka ƙara yi mata tambayoyi, aka sake ta, Salomi ta zo ta tafi da ita Ajilari. Ba ta da tukunya, ba ta da wake, amma ɗakinta yana nan. Ba'ana ya farfaɗo daga baya ya faɗi inda ya ɗauko ta, lokacin ba a ma buƙatar shaidarsa. Hannunsa na dama bai sake riƙe komai ba, ya bar tuƙi.

An gurfanar da Tahir da laifin sakacin da ya nakasa mutum, da yi wa hukuma ƙarya, da jefa unguwa cikin haɗari. Aka rufe shagon, aka kwashe tukwanen. Alƙali ya yanke masa shekara biyar a gidan yari, babu zaɓin tara.